Gida Ɗaya, Hanya Uku: Me Ya Sa Wani Ke Bin Almasihu, Ɗan'uwansa Bai Bi Ba?

Wata Lahadi cikin damina mun taso daga sujada, na goyo ɗiyata a mashin za mu gida. Mun kusa Ƙofar Ƙaura sai ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ce, "Baba, shi Baba Alhaji bai taɓa jin bishara ba ne?" Na ce mata ya ji, tun ba a haife ni ba. Ta yi shiru har muka wuce shataletale, sannan ta ce, "To ya aka yi Kaka ya karɓa, shi bai karɓa ba? Ba uwarsu ɗaya ubansu ɗaya ba?"

Shekararta 13. Na ce ta bari mu isa gida, domin wannan ba tambayar da ake amsawa a kan mashin ba ce. Ni kaina na fi shekara 30 ina juya ta a raina, kuma da wuya ka sami Bahaushe Kirista a ƙasar Katsina, na Malumfashi ne ko na Kafur ko na Funtuwa, da bai taɓa kwana da ita ba. Mu ba a littafi muka fara ganin bambancin addini ba. A tsakar gida muka gan shi, hannu uku cikin akushi ɗaya.

Kakana Bamaguje ne, manomi, a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur. Ba ya salla, ba ya zuwa majami'a. Yana da tsafin gida da ya gada, inda ake yanka baƙin bunsuru ko jan zakara kafin a sa sungumi a gona, ana kuma dafa giya in za a yi gayya ko biki. Ya san da Allah, da shi yake rantsuwa, amma a wurinsa Allah yana can nesa. Iskoki ne na kusa, su ake lallashi. 'Ya'yansa maza uku suka rayu. Babban ya gaji tsafin, a kansa ya mutu. Na tsakiya, mahaifina, aka yi masa baftisma a rafi. Autan ya musulunta, ya sauke farali, shi ne Baba Alhaji. Nono ɗaya suka sha, gandu ɗaya suka noma, kuma mai bishara ɗaya su ukun suka saurara a gindin tsamiya ɗaya.

Amsa iri biyu na sha ji, kuma ba wadda ta kwanta mini. A cikin majami'a wasu kan ce taurin zuciya ne kawai, duhu ne ya rufe musu ido. Mai faɗin haka bai san Baba Alhaji ba, mutumin da ya riƙe marayun yayansu har ya aurar da su bai taɓa gorantawa ba. A waje kuma akan ce kwaɗayi ne, 'yan mishan ne suka saye mu da magani da gwanjo. Mai faɗin wannan bai san abin da mahaifina ya binne ba kafin ya shiga rafin nan.

Bari mu fara da abin da ake yawan tsallakewa, wato ji. Manzo Bulus ya tambayi Romawa yadda mutane za su gaskata da wanda ba su ji labarinsa ba, da yadda za su ji in ba mai shela. A ƙasarmu wannan tambaya tana da tarihi. Katsina birnin Musulunci ne tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Korau. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana ba da shaida, kuma ƙasar da ta yi Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani ba ta rasa malamai ba. A 1711 wasu limaman Katolika biyu da suka ratso hamada daga Tarabulus sun iso Katsina, amma ciwo ya kashe su, ba su bar ikilisiya a bayansu ba. A 1900 'yan mishan Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka isa Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, razdan-razdan kuma suka riƙa tare 'yan mishan daga biranen masarautu har wajen shekara 30. Mutane da yawa suna ɗauka mulkin mallaka ne ya buɗe wa mishan ƙofa a ƙasar Hausa. A Katsina da Daura, akasin haka ya fi kusa da gaskiya.

Miller ya zauna a Zariya daga 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bai fito ba sai 1932. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Legas a 1893, sai a shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ta sami wurin zama a lardin, da aikin jinyar kutare a Babbar Ruga da kuma tasha a Malumfashi. Daga aikinta ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Su kuwa Katolika, sai a 2023 Katsina ta zama dayosis, wato yankin bishop, mai cin gashin kanta, da Bishop Gerald Mamman Musa a kanta.

Duba inda wannan tarihi ya ajiye bishara. Ba ta shigo ta ƙofar fada ba, ba ta shigo ta zauren malamai ba. Ta gefe ta shigo: wurin kutare, wurin marayu, wurin Maguzawan ƙauye, da bakin baƙi 'yan kudu da layin dogo ya kawo Funtuwa ko aikin gwamnati ya kawo Katsina. Mutumin cikin ganuwa yana iya tsufa ya mutu bai taɓa zama da Kirista sun yi zancen Almasihu da Hausa ba. Ni ban yi wa kaina ƙarya ba: da a Masanawa aka haife ni, ko a kusa da rijiyar Kusugu a Daura, allo zan fara riƙewa, kuma da wuya in taɓa leƙa majami'a. Duk wanda zai yi maganar bangaskiya bai sa inda aka binne cibiyar mutum cikin lissafi ba, bai fara ba tukuna.

Sai dai ji bai ƙare zancen ba, tunda su ukun nan duk sun ji.

Abin da mutum yake tsaye a kai kafin saƙon ya iso shi ma yana da nauyi. Musulmi ba ya zuwa wurin mai bishara hannu rabbana. Ya riga ya san Annabi Isa ɗan Maryama, ya san an haife shi ba uba, ya warkar da kuturu da makaho, ya ta da matattu da izinin Allah. Yana girmama shi, ba ya ambaton sunansa sai ya yi masa addu'ar aminci. Inda muka rabu wuri biyu ne, kuma su ne ginshiƙan bangaskiyarmu: cewa shi Ɗan Allah ne, da cewa ya mutu a kan gicciye ya tashi. Yaron makarantar allo tun yana ƙarami ya haddace Ƙulhuwallahu, cewa Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba. In ya yi nisa zai iske aya ta 157 a Suratun Nisa'i tana cewa ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. To, ranar da mai wa'azi ya tsaya a bakin kasuwa ya ce Ɗan Allah ya mutu dominka, abin da ya shiga kunnen wannan mutum shi ne shirka da ƙasƙanta annabi. Mu ba haihuwar jiki muke nufi ba, ba Kiristan da ya taɓa koyar da cewa Allah ya yi aure. Amma kafin a warware wannan sai an yi zama mai tsawo a kan tabarma ɗaya, kuma ba kowa ke samun irin wannan zama ba. Ko an yi, mutum yana iya fahimtar abin da muke nufi sarai, ya ce bai yarda ba. Bulus da kansa ya faɗa wa Korantiyawa cewa wa'azin Almasihu gicciyayye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta ne kuma ga sauran al'ummai. Bai ce jahilai ne suke tuntuɓe ba. Masu littafi da masu hikima yake nufi.

Abin mamaki, daga cikin wannan karatu ɗin ne wasu suka fita neman ƙarin labari. A ƙarni na 19 an yi wani Malam Ibrahim a Kano wanda nazarin ayoyin Annabi Isa ya kai shi ga ba shi matsayi na musamman. An kashe shi a kasuwar Kurmi, mabiyansa da ake kira Isawa suka watsu, wasu suka nufi ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller a Zariya, da yawansu suka zama Kirista. Ayoyi ɗaya, malamai dubu suka karanta suka tsaya inda suke, wasu 'yan kaɗan suka kama hanya.

Bamaguje kuwa halinsa dabam ne. Tsafinsa a ɗaure yake da gona da gida da itacen da kakanni suka nuna. Wanda ya tafi awon auduga Funtuwa ko ci-rani Kano ba zai ciccibi tsamiyar gidansu ya tafi da ita ba. A kasuwa ana ce masa arne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. A farkon shekarun 1960 Sardauna ya yi rangadin musuluntar da mutane a Arewa, makarantu da hanyoyin mota kuma suka yi ta matsowa ƙauyuka. Zama Bamaguje ya riƙa wuya, ƙofofi biyu kuma suna buɗe.

Baba Alhaji da jaki ya fara, yana kai hatsi kasuwa, daga baya wani attajiri ya ɗauke shi yaron awo. Masu nazari sukan ce fatauci ne yake musuluntar da Bamaguje, domin ɗan kasuwa yana bukatar lamuni da mai gida da abokan cin tuwo. Akwai gaskiya a ciki. Amma na taɓa tambayarsa, muna zaune a zaurensa bayan la'asar, carbi a hannunsa. Ya ce, "Ɗana, na ga mai gidana da ɗan dako sun tsaya sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Ranar da na fara sa goshina a ƙasa, na ji na san wanda ya yi ni." Ba ni da ikon ce masa kasuwa ce ta yi magana a bakinsa, kamar yadda ba na yarda a ce magani ne ya yi magana a bakin mahaifina.

Shi mahaifina karatu ne ya fara jansa. Mai bisharar nan yakan zo a kan keke, da fitilar ƙwai da ɗan baƙin allo da alli a aljihu, ya koya wa samari baƙaƙen boko da dare bayan an dawo gona. Mahaifina ya gaji da dangwala yatsa a takardar haraji da ta awon auduga bai san abin da aka rubuta ba. A lokacin ya riga ya binne 'ya'ya biyu. Boka ya ce iskar gida ce ta yi fushi, aka yi yanka, aka sake yi, har awakinsa suka ƙare. Da ya fara haɗa baƙi, Bisharar Markus aka sa masa a hannu. Yana bi da yatsa har ya kai sura ta 5, labarin mutumin da ke kwana a makabarta, wanda ko sarƙa ba ta riƙe shi. Ya sha gaya mana cewa abu ɗaya ne ya tsayar da shi a wurin: aljanun su ne suke roƙon Yesu. Duk rayuwarsa mutane ya gani suna roƙon iskoki. Bai taɓa jin wanda iskoki suke roƙo ba.

Sai ɗansa na uku ya kwanta ciwo. Dangi suka taru suka ce a yi yanka, ya ce ba zai yi ba. Shi da mai bishara suka yi ta addu'a kwana da kwanaki. Yaron ya rasu.

Kowa a gidan ya ce ga sakamakon. Uwarsa ta yi masa kuka a fuska, ta ce shi ya kashe mata jika. Ran Lahadi ya wanke ƙafa ya tafi gindin tsamiya ya zauna inda ya saba zama. Da na girma na tambaye shi abin da ya hana shi komawa. Ya ce, "Ba don yaro ya rayu na bi shi ba. Da na binne na farko da na biyu, tsoro na kwana da shi, ina tunanin wa za su ɗauka gaba. Da na binne na uku na yi kuka, amma tsoron bai dawo ba."

Baba Babba kuwa, wato yayansu, yana son waƙoƙin masu bi, yakan zauna daga nesa a kan turmi yana kaɗa kai. Amma shi ne magajin tsafi. Abin da yake cewa shi ne, in ya tafi wa zai ba su jini, kuma in suka yi fushi a kan wa za su huce in ba 'ya'yan gidan ba. Ga mata uku, ikilisiya kuma ta ce mace ɗaya. Ga giya, wadda a wurinsa ba shaye-shaye ba ce, ita ce ladan masu gayya da mutuncin mai gida. A nasa ganin, zamansa a wurin tsafin shi ne yake tsare ƙannensa biyu da suka tafi.

Wannan ya kawo mu kan farashi. Bangaskiya a ƙasar Hausa ba abin da mutum yake ƙullewa a ɗaki ba ne. Ita ce take faɗin wa za ka aura, wa zai raɗa wa ɗanka suna, ko za ka ci gado, da wanda zai wanke gawarka. Bamaguje da ya zama Kirista yakan sha gori da fushin dangi, amma galibi gonarsa tana nan. Musulmin birni da ya yi haka yana iya rasa mata da 'ya'ya da rumfar kasuwa a mako ɗaya, wani lokaci har ransa yana cikin hatsari. Bisharar Yohanna ta ambaci shugabannin da suka gaskata amma ba su bayyana ba don kada a fitar da su daga majami'ar Yahudawa, ta kuma ba da labarin Nikodimu da ya zo da dare. Har yau akwai masu zuwa da dare. Waɗanda suka ga wutar rikicin addini na watan Maris na 1987, da ta tashi daga Kafanchan ta iso Funtuwa da Katsina, ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ake kira tsoro. Adalci kuma ya sa in faɗa cewa ɗan gidan Kirista da ya musulunta, shi ma yakan bar uwa tana kuka, a wasu wuraren a rufe masa ƙofa.

Zancen magani da gwanjo ba zan daɗe a kansa ba. An yi waɗanda suka zo don abin hannu, da abin ya ƙare suka tafi. Yesu ma ya gaya wa taron da ya bi shi cewa gurasar da suka ci ce ta kawo su. Amma da magani yana sayen bangaskiya, da duk wanda ya kwanta a Babbar Ruga ya fito Kirista. Akasarinsu da addininsu suka zo, da shi suka koma. Kutare 10 aka warkar a Bisharar Luka, ɗaya ne ya dawo.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne namu laifin. Akwai mutanen da ba Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ne ya hana su ba, mu ne. Dattijon ikilisiya da ya ci amanar kuɗin adashi, ma'aikacin da yake rera waƙa ran Lahadi ya karɓi na goro ran Litinin, mai wa'azin da ya ɗauki zagin addinin maƙwabcinsa a matsayin bishara. Maƙwabci ba ya karanta Littafi Mai Tsarki, mu yake karantawa. Ga kuma yadda aka bar Kiristanci ya zama kamar kayan baƙi, har Bahaushe ya ji cewa in ya bi Almasihu ya fita daga Hausa. Mu Masihiyawa mun san zafin wannan ta fuska biyu: a gari a ce mana yaya Bahaushe zai zama Kirista, a wata majami'ar kuma a ga hularmu da babbar riga a riƙa kallonmu da gefen ido.

To, a tara duk waɗannan: inda aka haifi mutum, abin da ya riga ya sani, sana'arsa, abin da zai rasa, irin Kiristocin da ya gamu da su. Suna bayyana abu mai yawa. Suna gaya mana dalilin da ya sa majami'u suka fi yawa a ƙauyukan Kafur da Malumfashi fiye da Daura ko Mashi. Amma in aka zo kan mutum ɗaya, sai su tsaya a bakin ƙofa. Akwai samarin da suka koyi karatu a fitilar nan tare da mahaifina, suka karanta sura ta 5 ɗin nan, wasunsu ma sun binne 'ya'ya, amma ba abin da ya motsa a cikinsu. Zuciyar mutum birninsa.

Yesu ya ba da misalin mai shuka, kuma manomin Katsina ba ya bukatar a fassara masa shi. Iri ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Wani ya faɗi a kan hanya tsuntsaye suka tsince, wani a kan marmara ya tsiro da wuri rana ta ƙone shi, wani cikin ƙaya ta shaƙe shi, wani a ƙasa mai kyau. Misalin ya ɗora bambancin a kan ƙasa. Amma manomi zai ƙara tambaya: wa ya sa wannan ƙasa ta zama jigawa mai karɓar ruwa, waccan ta zama faƙo? A nan Littafi yake magana da murya biyu, kuma duka biyun nasa ne. A Yohanna 6:44 Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uban ya jawo shi. A Ayyukan Manzanni 16, mata da yawa ne suka taru a bakin kogi a Filibi, amma Lidiya aka ce Ubangiji ya buɗe wa zuciya. Afisawa 2 ta ce ceto ta wurin alheri ne, baiwar Allah ce, don kada kowa ya yi fahariya. A ɗaya gefen, 1 Timoti 2:4 ta ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto. Yesu ya yi makoki a kan Urushalima, ya ce sau nawa ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza take tattara 'yan tsakinta, amma suka ƙi. Saurayin nan mai dukiya, Markus ya ce Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, duk da haka ya juya ya tafi da baƙin ciki, ba a kuwa riƙe masa riga ba.

Malaman ikilisiya sun daɗe suna kai-komo tsakanin waɗannan ayoyi. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da take Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430, ya yi jayayya da Pelagiyus, ya tsaya a kan cewa ko marmarin neman Allah ma kyauta ce daga Allah. John Calvin a Janeba ya bi wannan hanya har ƙarshenta: Allah ne yake zaɓa tun fil'azal, wanda ya kira kuwa zai zo. Yakubu Arminiyus na ƙasar Holan ya ce alherin yana riga kowa, yana ba kowa ikon amsawa, amma mutum yana iya ƙi. An yi babban taron malaman ikilisiya a birnin Dort na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619 aka yanke wa almajiran Arminiyus hukunci, amma zancen bai mutu ba. John Wesley ya ɗauke shi a Ingila, har yau kuma in ka zauna da fastoci biyu a Katsina kana iya jin ɓangarorin biyu. 'Yan'uwanmu Musulmi ma sun san wannan rami, sun yi nasu Jabariyya da Ƙadariyya, masu cewa mutum ba shi da zaɓi da masu cewa zaɓin nasa ne. Suna kuma da aya ta 56 a Suratul Ƙasas, wadda malaman tafsiri suka danganta da Abu Ɗalib, cewa ba ka shiryar da wanda ka so, Allah ne yake shiryar da wanda ya so. Duk wanda ya taɓa ƙaunar wani da bai bi hanyarsa ba ya san ciwon da ke cikin wannan aya.

Ni inda na tsaya shi ne, ban ga yadda zan saki ɗaya daga cikin muryoyin biyu ba. In na tuna mahaifina, ba na iya cewa wayonsa ne ko kirkinsa. Bai fi Baba Babba tausayi ba, bai fi Baba Alhaji hankali ba, shi ma da bakinsa yakan ce an kama shi ne, ba shi ya kama ba. In kuma na ce Allah ne ya rufe wa sauran ƙofa tun ba a haife su ba, sai hawayen Yesu a kan Urushalima su tsaya mini a gaba. Na gaskata Almasihu shi ne hanya, ban ɓoye wa kowa wannan ba, har Baba Alhaji. Amma wannan gaskatawar ba ta ba ni izinin raina wanda bai gaskata ba, ba ta kuma ba ni alƙalamin rubuta ƙarshen kowa ba. Ɓarayi biyu aka gicciye tare da Yesu, ɗayan sai a sa'arsa ta ƙarshe ya juyo. A arewacin Katsina da Daura manoma suna yin binne, su sa iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, su koma gida su jira. Mai wucewa zai rantse ba komai a gonar. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya girma.

Kada kuma mu da aka haifa a ciki mu ɗauka tambayar ta wasu ce. Albasa ba kullum take yin halin ruwa ba. Akwai 'ya'yan fastoci da suka haddace ayoyi a makarantar Lahadi, suka yi ajin baftisma, yau ba su majami'a ba su masallaci. Akwai kuma masu cika benci kowane mako waɗanda gado ne kawai ya zaunar da su, irin gadon da ya zaunar da Baba Babba a gindin tsafi. 'Yan'uwan Yesu na gida ɗaya ma, Yohanna ya ce da fari ba su gaskata da shi ba.

Da muka isa gida ran nan, bayan an ci abinci, na zaunar da ɗiyata a kan tabarma na ba ta labarin su ukun, yadda na ba ku, ban rage mutuwar yaron ba. Na kuma gaya mata abin da ban taɓa gaya mata ba. Kakanta, tun daga baftismarsa har ya kwanta ciwon ajali, kowace asuba sai ya ambaci ƙanensa a addu'a, da cikakken sunansa da sunan ubansu. Ranar da muka binne shi, Baba Alhaji bai shiga majami'a ba, ya tsaya a waje cikin rana har aka gama. A makabarta kuwa shi ya karɓi shebur daga hannun wani saurayi ya fara zuba ƙasa. Da dare, masu ta'aziyya sun ragu, na gaya masa zancen addu'ar asuba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "Na sani, ɗana. Ni ma da na tsaya a Arfa, shi na fara ambata."

Ɗiyata ta tambaye ni ko Baba Alhaji zai ji haushi in ya san ana yi masa addu'a. Na ce ta tambaye shi da kanta in mun je gaishe shi da Babbar Salla, tunda ba shekarar da ba ya ajiye mana cinyar rago. Da daren nan ita ta ja addu'ar iyali. Ta roƙi ruwan sama don geron ƙauye, ta roƙi sauƙin ciwon ƙafar mamarta, ta ambaci jarrabawarta. Sannan ta ɗan tsaya, ta juyo ta tambaye ni sunan uban su Kaka, na faɗa mata, ta rufe ido ta ci gaba.